Inda aka kafa kyamarar ne ke damuna

Yau da safe na ga wata 'yar makaranta a bakin titi riƙe da hannun ƙanenta. Ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye, motoci sai wucewa suke yi fuu kamar an koro su. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wurin babu allon rage gudu, balle kyamara. Amma can gaba, inda titi ya miƙe fetal, babu gida babu mai tsallakawa, nan aka kafa kyamarar kama masu gudu. Kowa ya zo sai ya taka birki, yana wucewa ya sake ba mota wuta.

Ni ba na adawa da kyamara ko kaɗan, ina ma son a ƙara su. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, tun direba bai kai ƙafa kan birki ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kilomita 30 a inda masu tafiya a ƙasa ke cakuɗuwa da motoci. Har yanzu ina tunanin masu zaɓen wurin kafa kyamarorin nan, anya suna sauka daga mota su tsallaka titin da ƙafarsu kafin su yanke shawara?