Ɗaukar Hoto a Cikin Jirgin Thistlegorm da Ya Nutse

Jirgin Thistlegorm yana kwance a ƙasan Bahar Maliya, a yankin Sha'ab Ali kusa da Ras Muhammad a ƙasar Masar, a zurfin kusan mita 30. Na Ingila ne, an ƙera shi a 1940, jiragen saman yaƙin Jamus suka jefa masa bam ranar 6 ga Oktoba 1941, mutum 9 suka rasu. Kayan yaƙin da ya ɗauko suna nan har yau: motocin Bedford, baburan BSA da Norton, bindigogi, takalman roba, da kan jirgin ƙasa guda 2 da fashewar ta wurgar gefe da gefe. Ga abin ɗauka kamar ƙasa, amma yawancin hotunan da ake fitowa da su shuɗi ne dishi-dishi, cike da ɗige-ɗige. Abin da aiki a wurin ya koya mini shi ne, yawan ruwan da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, da tsabtar ruwan, su ne ke yanke hukunci, ko nawa ka sayi kyamarar.

Ruwa yana cinye launi. Ja yana ɓacewa tun wajen mita 5, ruwan lemo wajen mita 10, rawaya wajen mita 20. Shi ya sa nake sauka da fitilun filasha 2. Su ma ruwan bai ƙyale su ba, domin haskensu zai je ya dawo: babur da ke nesa da kai mita 2, hasken ya yi tafiyar mita 4 ke nan, jan tsatsar ya kusa mutuwa. Don haka nake matsawa ƙasa da mita 1, da gilashin kyamara mai faɗin gani a bayan murfi mai siffar ƙoƙo na akwatin da ke kare kyamara daga ruwa. Shimfiɗaɗɗen murfi yana ƙara wa abu girma ya rage faɗin gani, sai ya tilasta maka ja da baya, abin da ake gudu ke nan.

Ɗige-ɗigen nan kuwa daga inda aka kafa fitilu suke zuwa. In fitila na dab da gilashin tana kallon gaba, duk ƙurar da ke yawo a ruwa sai ta mayar da hasken cikin kyamara, kamar mai kunna babbar fitilar mota cikin hazon hunturu. Ina buɗe hannuwan fitilun dama da hagu, in ja su su koma ɗan bayan murfin, in karkata su waje kaɗan, yadda gefen hasken ne kawai zai taɓa abin. A cikin rumbun kaya ina farawa da faɗin ƙofar haske f/8, saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa, da ƙarfin jin haske ISO 400, in gwada, in gyara. Kada saurin ɗauka ya wuce 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamararka, in ba haka ba wani ɓangaren hoton zai fito baƙi.

Babban aikin yana jikinka. Rumbunan gaba, inda motoci da babura suke, rufinsu ƙasa-ƙasa ne, laka da garin tsatsa sun kwanta a kan komai. Bugun ƙafa ɗaya na sama da ƙasa ya isa ya turbuɗe wurin na tsawon mintoci. Shuri irin na kwaɗo ake yi, gwiwa a lanƙwashe, ruwan ya tafi baya maimakon ƙasa. Kumfar numfashinka ma tana dukan rufi ta kakkaɓo ɓarɓashin tsatsa, shi ya sa hoton farko da na biyu suka fi fita tsaf. Nakan gama saita kyamara da fitilu tun a bakin ƙofa, in shiga, in ɗauka, in wuce. Kuma nakan nemi a sauke mu da sassafe kafin jiragen yini su iso daga garin Sharm el-Sheikh, don da rana ta ɗaga rumbunan sun cika da mutane da kumfa. Wanda bai iya tsayawa cak a ruwa ba tare da ya dafa komai ba, ya bar kyamara a sama tukuna. Dafawar ma haɗari ce: akwai kifaye masu ƙayar dafi da ke lafewa a jikin ƙarfe, launinsu ɗaya da tsatsar.

A waje, wajen bindigogin da ke bayan jirgin da kawunan jirgin ƙasa, filasha ba ta iya haska abu mai wannan girma. Kashe ta nake yi, in sauka ƙasa da abin, in ɗaga kyamara sama yadda siffarsa za ta fito a jikin shuɗin ruwa. Abokin nutso a cikin hoton yana nuna girman abin.

Kyamara tana ɗauke hankali, lokaci kuma kaɗan ne. A mita 30 matsi ya ninka na sama sau 4, iskar tukunyar numfashi tana ƙarewa da wannan saurin, kuma da iska ta yau da kullum minti 20 ne iyakarka kafin nitrojin ya taru da yawa a jiki. Iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin 100 tana ƙara lokacin, ga wanda ya sami horo a kanta. Ina duba ma'aunin iska bayan kowane 'yan hotuna. Igiyar ruwa tana da ƙarfi a wurin, don haka da igiyar da aka ɗaure a jirgin ake sauka, da ita ake hawa, a tsaya minti 3 a mita 5, a fito da iska mai matsin aƙalla bar 50 a ma'aunin tukunya. Kyamarar tana maƙale a rigata da ƙugiya, hannu biyu na kan igiya.

Akwatin kyamara kuwa, zoben roba ne ransa. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kansa ta isa ruwa ya shiga. A cire shi, a goge, a shafa man silikon ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai, don yawan mai yana jawo datti. A rufe akwatin a ɗaki mai sanyi da ƙunshin mai tsotse danshi a ciki, kada a bar shi a rana, in ba haka ba gilashin zai yi gumi da zarar ya taɓa ruwa. Ba a tsalle da shi, miƙo maka ake yi. Bayan fitowa a tsoma shi cikin ruwan daɗi, a daddanna maɓallansa gishiri ya fita, a tsane shi da tawul kafin a buɗe.