Abin da wasan kilarinet da fiyano ya koya min

Mutane da yawa in suka ji an ce za a haɗa waƙoƙin zamani da kiɗan kilasikal a zama ɗaya, ɗauka suke kilasikal ɗin shi ne aikin gaske, waƙoƙin kuma an saka su ne kawai dan kar jama'a su yi gyangyaɗi. To ni dai abin da na gani lokacin da muke shirin wasanmu na ƙarshen karatu, ni ina busa kilarinet, abokiyar karatuna kuma tana kan fiyano, ya nuna min waƙar da kowa ya haddace tana cin gumi kamar yanda sonata, wato dogon kiɗan kilasikal mai ɓangarori, ke ci, wani lokacin ma ta fi, kuma duk wanda ya raina ta a kan dandamali za ta tona masa asiri.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Waƙar zamani a yanda aka san ta akwai murya, akwai kalmomi, akwai ganga da gita da bes, ga kuma aikin situdiyo. Mu kuma mu biyu ne rak. Hannun hagu na mai fiyano shi ne ganga shi ne bes, ni kuma ni ne mawaƙin amma ba ni da kalma ko ɗaya a baki. Mawaƙi zai maimaita kari ɗaya baiti bayan baiti ba wanda zai gaji saboda maganar tana canzawa, amma ka cire maganar ka busa karin nan sau uku iri ɗaya, wallahi kana kallo za ka ga idanun mutane sun fara komawa kan waya. Dole sai ka samo abin da zai tsaya a madadin kalmomin. Baitin farko sai in busa shi can ƙasa inda muryar kilarinet take da kauri da duhu, na biyu mai fiyano ta karɓi karin ni in koma ina mata rakiya a hankali, sai a amshi na ƙarshe in hau sama inda sautin yake da haske. Malaminmu da ya saurara cewa ya yi, "To ai kun ga abin da Brahms ya yi kenan, ku je ku sake duba ƙarshen sonatarku." Kuma haka ne, ɓangaren ƙarshe na sonata ta biyu da Brahms, Bajamushe mai tsara kiɗan kilasikal, ya rubuta wa kilarinet da fiyano a 1894 kari ɗaya ne yake ta juya shi yana sake masa kama, ba ka rasa gane shi ba kuma ka gajiya da shi.

Sai maganar ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙa a kai. Kilarinet ɗin da aka fi amfani da ita, in ka busa C a takardarka abin da ke fita B flat ne, wato tana ƙasa da fiyano da mataki ɗaya, dan haka duk abin da za a rubuta min sai an ɗaga shi. Waƙoƙin da aka tsara a kan gita da yawa a E suke, in aka ɗaga min sai ya koma F shaf mai shaf, wato alamar ɗaga sauti, har shida, yatsu su yi ta harɗewa a banza. Mun sauke wata zuwa E flat, ni na samu F, nan take waƙar ta saki jiki. Akwai kuma wani wuri a tsakiyar kilarinet, tsakanin B flat da B, inda daga yatsu kusan duk a buɗe sai ka rufe ramuka gaba ɗaya a lokaci guda, in zuciyar waƙa ta faɗo daidai nan tana kai da komowa to ka shiga uku, gara tun farko a zaɓi ki ɗin da zai kauce masa. Wanda ya rubuta sonata ya riga ya yi maka wannan tunanin, a waƙar zamani kai ne za ka yi da kanka.

Abin da ya fi zauna min a rai shi ne numfashi. Mai fiyano ba ta buƙatar tsayawa ta ja iska, tana iya tafiya shafi biyu ba hutu, ni kuwa huhu ne jarina. Wata rana malam ya tsayar da mu a tsakiyar rihazal ya ce mata, "'Yata, ajiye hannunki, kalli kafaɗarsa kawai." Na busa layin ni kaɗai tana kallo, ta ɗauki fensir tana saka ƴar alama a takardarta duk inda ta ga na ja numfashi, daga nan ya ce ita ma ta dinga jan numfashi a wurin kamar ita ce mai busa. Da muka sake ɗauka abin ya ba ni mamaki, ba ta rage gudu ba, ba ta jira ni ba, amma sai na ji an buɗe min ɗan fili daidai inda nake buƙata. Ni ma ya ba ni nawa aikin, ya ce kowace waƙa sai na haddace kalmominta duk da ba rera su zan yi ba, saboda kar in yanke numfashi a tsakiyar kalma. Masu sauraro suna rera waƙar a zuci, in ka yanke inda mawaƙi ba ya yankewa za su ji wani abu ya karye ko da ba za su iya faɗin menene ba. Daga baya sai na ga ina bin dogayen layukan Brahms da irin wannan kunnen, ina neman inda magana ta fara da inda ta sauka, kuma gaskiya busata ta gyaru sosai ta wannan hanyar.

Taku kam kowanne da nasa hali. A Brahms ana ja ana saki, ka ɗan jinkirta nan ka rama can. A waƙar zamani da jaz bugun ƙasa ba ya motsi, kai mai kari ne kake ɗan zamewa baya ko gaba a kansa, in ku biyun duka kuka zame to babu abin da ya rage. Kuma wannan rausayar ba a iya rubuta ta daidai a takarda, sai dai ka saurara har ta shige ka.

Ga kuma daidaita sauti, fiyano an riga an ɗaure ta a wuri ɗaya ba ta matsawa, kilarinet kuwa tana ɗumi tana hawa, ka busa a hankali ma ta ƙara hawa, dan haka tsakanin kiɗa da kiɗa sai na ɗan zaro wuyanta kaɗan. Ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakinta shi ma yau lafiya gobe ya ƙi, dole ka tanadi fiye da ɗaya.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne da na gane wannan haɗin ba mu muka fara shi ba, kuma kilarinet ta daɗe da ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Shahararren zamiyar nan da ke buɗe Rhapsody in Blue na Gershwin, wanda aka fara yi a birnin New York a watan Fabrairu 1924, mai busa Ross Gorman ne ya ja sautin haka a rihazal, Gershwin ya ji ya ce a bar shi. Benny Goodman da ake kira sarkin suwing, wani salon jaz, ya kai jaz zauren Carnegie a 1938, kuma shi ɗin dai ya sa Bartók da Copland suka rubuta masa kiɗa. Sonatar Poulenc ta kilarinet da fiyano ma Goodman ne ya fara busa ta a 1963 bayan rasuwar Poulenc, Leonard Bernstein na kan fiyano. Mutanen nan ba su ɗauki ɗaya wasa ɗaya aiki ba, shi ya sa ina jin zafi in na ga ɗalibi ya ba sonata watanni sannan ya ɗauko waƙa ana gobe wasa ya ce ai wannan mai sauƙi ce.

Wajen jera shirin ba mu raba shi gida biyu ba, kilasikal kafin hutu waƙoƙi bayan hutu, saboda hakan kamar kana ce wa rabin zauren su yi haƙuri har lokacinsu ya zo ne. Cakuɗa su muka yi, muna duba ki ɗin da wannan ya ƙare da wanda na gaba zai fara, da yanayin da kowanne ya bar mutum a ciki, sannan muna lura da leɓena dan shi ma yana gajiya, ba a ajiye masa abu mai tsananin hawa a can ƙarshe. Mun kuma nemi izini kan waƙoƙin da muka sake wa tsari tunda masu su suna da haƙƙi, Brahms kam tun 1897 ya rasu, kiɗansa ya zama na kowa. Kafin kowane kiɗa ɗayanmu yakan yi magana jimla biyu uku, waye ya rubuta, me za a saurara. Mutane sun yi tafi a tsakiyar sonata inda a ƙa'ida ba a tafi, ni dai daɗi na ji, wanda ya tafa ai saurara yake. A wata waƙa kuma zauren ya ɗauki amshi ƙasa-ƙasa ba wanda ya ce su yi, sai muka sauke sautinmu muka bar musu, ita ta riƙe taku da hannun hagu ni ina bin su daga ƙasa.

Yanzu sonatar Poulenc muka sa a gaba, ɓangarenta na ƙarshe gudu ne da tsalle kamar ba gobe, kuma muna nan muna laluben waƙa mai sanyi da za ta zo kafin ta wadda ki ɗinta zai sauka daidai inda Poulenc ya fara.