Kwana uku a Foshan, garin dambe ɗaya mai gidaje da yawa

Sayen tayil ne ya kai ni birnin Foshan da ke kudancin ƙasar Sin, kamar yadda yake kai 'yan kasuwarmu da dama, kuma da masana'anta ba ta ɗage lodin kwantenarmu da kwana uku ba, da ban ga komai ba sai sito da otal. Tafintana, wani ɗalibi ɗan Maraɗi, shi ne ya ce mini: "Alhaji, tunda kai ma'abocin gidan dambe ne, zo mu je ka ga garin malamin Bruce Lee."

Mun fara da Zumiao, tsohon haikalin da ke tsakiyar gari, inda aka keɓe ɗakin tunawa da Ip Man, malamin Bruce Lee ɗin, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1972. Mai duba takardu a wata ƙofa ya riƙe fasfona yana jujjuya shi kamar na jabu, sannan ya miƙo mini da hannun hagu ba tare da ya dube ni ba. Na haɗiye fushina, domin baƙo ba ya faɗa a ƙofar da yake son shiga. A ciki ne na fahimci cewa wannan salon faɗa da ake kira Wing Chun yana da salsala irin ta malamanmu na zaure. Leung Jan, mai maganin gargajiya a Foshan, ya koyar da Chan Wah-shun, shi kuma ya koyar da Ip Man. Da aka gaya mini sana'ar Chan canjin kuɗi ce, sai na yi dariya ni kaɗai, ina tuna 'yan canjin Wapa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne washegari, a bayan shagon wani dattijo da mai sayar mana da tayil ya haɗa mu da shi. Kafin ya tambayi sunana, sai da ya tambayi wane ne malamina, kuma tafinta ya ce haka al'adarsu take, ba a auna mutum sai an san gidan da ya fito. Shi gidansu na Yuen Kay-san ne, sa'an Ip Man kuma ɗan garinsu, wanda iliminsa ya yaɗu a Guangzhou ta hannun almajirinsa Sum Nung. Ya ce a gidansu ana fara wa ɗalibi da gajerun motsi goma sha biyu kafin a kai shi ga manyan darussa uku da kowa ya sani, wato Siu Nim Tao da Chum Kiu da Biu Jee. Nan take na tuna yadda 'yan dambenmu suka rabu zuwa Arewa da Kudu da Jamus da Guramaɗa, kowane ɓangare yana ganin nasa dunƙulen ne na asali.

Ya sa na ɗora damatsana a kan nasa, muna jujjuya hannu a hankali, abin da suke kira chi sao. Ina ji ina gani, duk sanda na yunƙura zan tura shi sai in tarar da yatsunsa a maƙogwarona, alhali na fi shi jiki nesa ba kusa ba, shi kuwa ko numfashinsa bai sauya ba. Sai ya kai ni wurin mutum-mutumin katakon da suke atisaye da shi, mai hannu uku da ƙafa ɗaya, wanda wuraren bugunsa suka yi sheƙi saboda daɗewa. Nasa a kafe yake cikin ƙasa kamar turken doki. Ya bayyana cewa bayan Ip Man ya koma Hong Kong a 1949, ya tarar mutane a saman benaye suke zaune, babu ƙasar da za a haƙa, shi ya sa aka koma rataye katakon a jikin bango a kan sanduna masu ɗan lilo. Na yi mamakin yadda ƙarancin muhalli kawai ya sauya kamannin sana'a.

Dattijon bai ɓoye ƙorafinsa ba. A ganinsa finafinai ne suka ɗaga gidan Ip Man na Hong Kong har duniya ta ɗauka shi kaɗai ne Wing Chun. Ni dai a nawa ra'ayin, da gaskiyarsa a batun suna, amma ban yarda cewa shahara tana rage ingancin gida ba, kuma na lura duk wanda na zanta da shi a garin sai ya ce nasu ne bai gauraya ba. Karamcinsa kuwa ya kunyata ni. Ya yi ta zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, babu sukari babu madara, ya koya mini ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a matsayin godiya, sannan da ya ji ni Musulmi ne ya taka da ƙafarsa ya kai mu gidan taliyar Musulmin Sin, ya hana ni biyan ko sisi. A Kano da na yi rantsuwa na biya, amma a nan ban san da wace kalma zan rantse ba.

Rana ta uku muka leƙa ƙauyen Gulao da ke yankin Heshan, inda Leung Jan ya koma da tsufansa. Su a can jiki suke karkatawa gefe, kuma koyarwarsu gajerun motsi ce ɗai-ɗai. Ba mu jima ba saboda ruwan sama, kuma direban ya caje mu kuɗin da ya fi ƙarfin tafiyar.

A Guangzhou na yi sallar Juma'a a masallacin Huaisheng, sannan na taya mutum-mutumin katako a wani shago. Da na lissafa kuɗin dakonsa zuwa gida sai na haƙura, na sayi zoben gora da wasu gidajen ke atisayen hannu da shi, bayan na rage kusan rabin farashin da aka fara gaya mini. Yanzu haka yana hannun ƙaramin ɗana, yana gara shi a tsakar gida.