Ciwon cikin da aka gano sababinsa a ƙafa

Laraba, bayan sallar isha.

Yau saura ƙiris na rubuta a kai yaro ɗan shekara bakwai ɗakin tiyata, alhali babu abin yankewa a cikinsa. Tun asuba aka kawo shi yana murƙususu, ya dafe cibiya, ya yi amai har sau uku. Mu a nan, idan yaro ya zo a wannan hali, hankalinmu kan tafi ne ga afendis, ko taifot da ta huda hanji, ko tashin sikila, kuma ni ma ban wuce nan ba.

Da babbar likitarmu ta zo zagaye, sai ta ce a naɗe masa wando, ta haska tocilar wayarta a ƙwaurinsa, sannan ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Na ji ƙuraje masu tudu tun daga idon sawu har ɗuwawu, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu a baƙar fata, kuma ko an danna su ba sa dusashewa. Mahaifiyarsa ta ce, "Likita, ai cizon sauro ne." Sai da aka bi ta da tambaya ta tuna cewa ya yi mura da ciwon maƙogwaro mako biyu da suka wuce, kuma jiya ya ƙi taka ƙafa saboda gwiwa.

Cutar da ke damunsa ita ce Henoch-Schönlein purpura, wato kumburin ƙananan jijiyoyin jini, inda sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgA ke taruwa a bangonsu, ya taɓa fata da gaɓoɓi da hanji da ƙoda. Likitocin Jamus biyu ne suka fayyace cutar: Schönlein a 1837, sannan ɗalibinsa Henoch ya danganta ta da ciwon ciki a 1874. Na karanta duk wannan a makaranta, amma hotunan littattafanmu na farar fata ne, inda ƙurajen ke fitowa jawur. Abin da ya fi rikitarwa kuma shi ne, wani lokaci ciwon cikin kan riga ƙurajen da kwanaki.

An ga ɗan jini a fitsarinsa, sai dai jininsa bai hau ba. Mun fara ba shi prednisolone, maganin rage kumburi, saboda zafin cikin, muna kuma lura kada hanji ya shige cikin hanji, domin a nan ne tiyatar za ta zama dole. Na shaida wa mahaifiyar cewa ko ya warke sarai, za a riƙa auna fitsarinsa har wata shida don a lura da ƙodarsa. Ƙarfe biyu na dare zan koma in sake taɓa cikin.