Takardar Bayanin da Ta Shiga Tsakanin Zanena da Masu Kallo

Duk mai zanen fenti da ya taɓa neman a rataya aikinsa a zauren baje koli a wannan zamani ya san cewa, kafin a tambaye shi girman ƙyallen ko irin fentin da ya shafa, sai an fara neman takardar bayani, wato rubutun da zai faɗa wa jama'a abin da yake nufi da zanensa. Ni ma an nemi in kawo ta a baje kolin farko da na yi ni kaɗai, kuma har yanzu raina bai gama hucewa daga abin da ta jawo mini ba.

Rataye zane-zanen da daidaita fitilu duk sun tafi lafiya. Maganar a kan zane guda ce, mafi girma a cikinsu, wanda na yi bayan rasuwar mahaifina. Babu siffar mutum a cikinsa. Na fara shimfiɗa shuɗi mai duhu da fentin mai, na bari ya sha iska, na rufe shi da ruwan toka, sannan na bi da wuƙa ina kankarewa har shuɗin ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashi. A can ƙasa ta hannun dama akwai wani siririn layi ruwan ɗorawa wanda ya zo daga baya, a makonnin da barci ya fara dawo mini. Matar da ke kula da baje kolin ta dage cewa sai an manna bayani kusa da kowane zane. Da na nuna ba na so, sai ta ce, "Malam, mutane ba sa sayen abin da ba su gane ba, kuma wannan ƙa'idar gidan nan ce." Na rubuta sakin layi uku, inda na ce ruwan tokar jimami ne, shuɗin kuwa dararen jinya ne, layin nan kuma numfashin ƙarshe ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ko rabin abin da ke kan ƙyallen bai kai ba.

Ranar da muke ratayewa, tun ba a manna takardun ba, wani dattijo da ya rako abokinsa ya tsaya gaban zanen. Ya matsa har fuskarsa ta kusa taɓa ƙyallen yana bin sawun wuƙar da ido, ya ja da baya, ya cire tabarau ya goge, ya sake matsowa. Can sai ya juyo ya ce mini, "Ɗana, wannan ketowar alfijir ce bayan an kwana ana ruwa." Ya ce yana son ya rataya shi a ɗakin da jikokinsa suke karatu, kuma zai dawo ranar buɗewa mu gama magana. Ya dawo kamar yadda ya alkawarta, sai dai a wannan karon takardar ce ta tarbe shi. Ina kallonsa ya karanta ta har ƙarshe, fuskarsa ta sauya, ya zo ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya ji ƙansa, ɗana, amma ba zan iya rataya makokin wani a kan yara ba."

Cinikin da ya lalace ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, domin shi ne zai biya kuɗin firam da na ɗauko kaya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bayan ya karanta takardar, dattijon nan bai ƙara ɗaga kai ya dubi zanen ba. Alhali kuwa abin da ya gani da farko yana nan, kuma ya fi kusa da gaskiyar layin nan fiye da abin da na rubuta, tunda hannuna ya ja shi ne a lokacin da sauƙi ya fara zuwa, ni kuma da na zauna rubutu sai na mayar da shi numfashin ƙarshe saboda ya dace da labarin. Zanen yana ɗauke da makokin da alfijir ɗin a lokaci guda, takardar ce ta zaɓi ɗaya ta rufe ɗayan.

Daga ranar na koma zama a kusurwar zauren ina lura da idanun masu shigowa. Kusan kowa takardar yake fara nufa, ya karanta, ya ɗan waiwayi zanen domin ya tabbatar akwai toka akwai shuɗi kamar yadda aka faɗa masa, ya gyaɗa kai, ya wuce. An ce gani ya kori ji, amma a zauren nan karatu ne ya kori gani. Wani bincike da aka yi a gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke New York, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna cewa matsakaicin lokacin da mai kallo yake yi a gaban zane kimanin sakan 27 ne kawai, ko da kuwa shahararren zane ne. Sakin layi uku sun isa su cinye wannan ɗan lokaci ƙaf.

Rigimar ba yau ta fara ba. A 1943 mai sharhin zane na jaridar New York Times ya nuna cewa bai gane aikin masu zane Mark Rothko da Adolph Gottlieb ba, sai suka aika wa jaridar wasiƙa suka ce ba za su fassara zanensu ba, domin fassarar tana fitowa ne daga abin da ya gudana tsakanin zane da mai kallonsa. Duk da haka a cikin wasiƙar sun zayyana abubuwan da suka yi imani da su game da sana'ar, ke nan ba shiru suka yi ba, sun dai ƙi yin dogon bayani a kan abin da kowane zane yake nufi. Picasso ma ya sa wa babban zanensa na 1937 sunan Guernica, garin da jiragen yaƙin Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai a Sifaniya a watan Afrilun shekarar, amma da aka yi ta tambayarsa ma'anar bijimi da dokin da ke ciki bai tsaya a kan amsa guda ba.

Akwai kuma misalin da ya hana ni in ce mai zane ya kulle bakinsa gaba ɗaya, duk da cewa a lokacin fushina abin da na so in ce ke nan. A 2014 mai zane ɗan Jamus Gerhard Richter ya kwafi hotuna huɗu da fursunoni suka ɗauka a ɓoye a sansanin kisan ƙare dangi na 'yan Nazi da ake kira Auschwitz-Birkenau a 1944, ya zana su a kan manyan ƙyallaye huɗu, sannan ya rufe su da baƙi da toka da ja da kore, yana shafawa yana kankarewa har babu abin da ya rage a fili daga hotunan. Da aka fara nuna su a birnin Dresden na Jamus a 2015 ba su ɗauke da sunan sansanin, daga baya ne ya kira su Birkenau. Babu idon da zai iya hango abin da ke ƙarƙashin fentin nan, saboda haka mai kallo yana da haƙƙin a faɗa masa. Amma kalma ɗaya ce ta ɗauki wannan nauyi, kuma abin da ta bayar labari ne na abin da ido ba zai iya kaiwa gare shi ba. Takardata kuwa ta shiga cikin abin da ido yake gani sarai, ta raba wa kowane launi aikinsa, ba ta bar wa dattijon komai ba.

Yanzu abin da nake yarda a manna kusa da zanena shi ne suna, da shekara, da irin fenti, da girman ƙyalle, sai kuma jimla ɗaya idan akwai wani abu da ba ya ganuwa wanda rashin saninsa zai cuci mai kallo. Dogon rubutu, idan masu zaure sun nace, sai a sa shi a ɗan littafi a ajiye a bakin ƙofar fita. Idan mutum ya tare ni ya ce me nake nufi, nakan fara tambayarsa abin da ya gani, sannan in ba shi labarin aikin hannun: wane launi ne ya riga wane, ina na kankare, ina na bari. Wannan hira takan mayar da idonsa kan ƙyallen, kuma sau da yawa nakan ji abin da ban sani ba game da aikina.

Ga wanda yake shirin baje kolinsa na farko, tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya ka tambayi inda za a manna rubutu, da tsawonsa, da wanda yake da maganar ƙarshe a kansa, ka kuma nemi a rubuta amsar a cikin yarjejeniyar. A baje kolina na biyu sai da muka kai ruwa rana da masu zauren a kan wannan sharaɗi, har na ce zan kwashe kayana, kafin suka amince aka mayar da bayanin bakin ƙofa.