Na yi gaggawar cewa na warke

Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2008 na aiki ƙanina kasuwar Katako a Jos. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar Alhamis, Jos ta kwana da ƙishin-ƙishin, amma ni damuwata kuɗin wani mai aiki ne da na manta a aljihun tebur a shagon maigidana, inda nake koyon kafinta. Na tashi ƙanin nawa da asuba cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, na ce ya ruga ya ɗauko. Ya sa rigar sanyina don tasa ba ta bushe ba. Ranar rikici ya ɓarke a gari. Bai dawo ba. Shekararsa 17.

Ƙannena, ba labarin rikici zan ba ku ba. Kowane gida a Jos yana da nasa, Kirista da Musulmi. Abin da na yi wa kaina bayan nan shi nake so ku ji, don ina ganin da yawanku kun kama hanyar da na bi.

Mako uku da binne shi, ranar Lahadi, aka ba da dama ga masu shaida. Na miƙe na karɓi makirufo, na ce na gode wa Allah, na gafarta wa duk wanda ya yi, zuciyata fes take. Majami'a ta ɗauki tafi, 'yan Zumuntar Mata suna guɗa, wasu suna share hawaye. Fasto ya dafa kafaɗata ya ce matasa su yi koyi da ni. Ƙarya nake yi. Ban gafarta wa kowa ba, kuma wanda na fi tsana a duniya yana tsaye a gabansu riƙe da makirufo. Ba wanda ya san ni na aike shi. Mama tana tsammanin shi ya fita kallo, ko haka na ɗauka.

Daga ranar na zama bawan shaidar nan. Wanda aka yi wa tafi a kan ya warke, da wane baki zai dawo ya ce ba ya barci? In kana cikin zafi aka miƙo maka makirufo, ba laifi ba ne ka ce tukuna. Mu a coci muna son labarin da ya ƙare da daɗi, muna kuma son sa da wuri, kafin a karɓi baiko. Wannan laifinmu ne mu manya, kada ka biya shi da ranka.

Sai na cika kaina da hidima. Ƙungiyar mawaƙa ina ciki, ƙungiyar bishara ta Sabon Rai ina ciki, gyaran bencin coci ni ne. Bayan bam ɗin da ya tashi a hedikwatar cocin COCIN ranar 26 ga Fabrairu 2012, da na cocin St. Finbarr's a Rayfield makonni biyu bayansa, majami'u suka fara tare hanya ranar Lahadi, matasa suna binciken mota da jaka. Ni ne farkon zuwa, ni ne na ƙarshen tashi. Tsaron ya zama dole a lokacin, ban musa ba. Amma ni ba don kare masu sujada nake tsayawa ba, jira nake wani baƙo ya yi gardama in samu inda zan huce. Fushina ya samu rigar coci ya sa. Da dare kuma in gangara bayan layi in sha goskolo, giyar nan mai ƙarfi, daga baya na koma maganin tari mai kodin, don shi ba ya wari, Mama ba za ta ji ba.

A sana'armu in gara ta ci katako daga ciki, kana iya shafa masa fenti ya yi ƙyalli, mai saye ya yaba. Ran da aka zauna a kai za a ji labari. Wadda ta zauna a kaina ita ce matata. Na yi aure a 2013 don an ce aure yana natsar da mutum. Yarinyar mutane ta shigo gida tana murna, ta tarar da namijin da in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura, in ta tambaye shi me ke damunsa sai ya yi kwana uku ba magana. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, na kuma daɗe ina alfahari da wannan, kamar shiru ba duka ba ne. Kai saurayi, ke budurwa, kada ku ɗauki ɗan wani ko 'yar wani ku mai da su maganin ciwon da ba ku gaya musu kuna da shi ba.

Na kuma yi yawon wuraren addu'a. Inda duk aka ce akwai mai ɗora hannu, ina can, da kwalbar man zaitun da ambulan. An ce mini aljani ne, an ce asiri ne daga ƙauye, an ce in yi azumin kwana bakwai. Na yi. Ban raina addu'a ba, har yau da ita nake tsaye. Sai dai duk inda na je abu ɗaya nake nema: a cire mini abin ba tare da na faɗi sunansa ba.

Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya gano ni, tsohon malamin firamare, ba mai yawan magana ba. Ya kawo kujera gyara, kujerar da ni da shi mun san ba abin da ya same ta. Ya zauna a kan buhun dusar katako ya ce, “Ɗana, labarin zuciya a tambayi fuska. Shekara nawa za ka yi kana mana waƙa da wannan fuskar?” Na ce lafiya lau, Baba. Ya ce to. Ya dawo mako na gaba da wata kujerar. A zuwa na huɗu na faɗa masa.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya buɗe Zabura 88 ya ce in karanta da ƙarfi. Na karanta ina jiran inda mai zaburar zai juya ya ce amma duk da haka na gode. Babu wurin. Da duhu ta ƙare. Ya ce tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa wannan surar tana nan, ba wanda ya cire ta don kunya, to in Allah ya bar irin wannan addu'a a littafinsa, wa ya ce mini sai na yi murmushi zai saurare ni? Wani zuwan ya nuna mini Bitrus. A Yohanna 18 yana jin ɗumin wutar gawayi ya yi mūsun Ubangijinsa. A Yohanna 21 Yesu ya hura wata wutar gawayin a bakin teku, da kifi da gurasa a kai. Ya bari ya ci ya ƙoshi tukuna, sannan ya tambaye shi sau uku, daidai da mūsun. Bai ce masa a manta kawai ba, wurin ciwon ya komar da shi. Daga nan Baba ya ce, “Ni ka faɗa mini, Allah kuma ya riga ya sani. Saura mutum ɗaya.”

Wata biyu na yi ina kewaye ƙofar Mama. Ranar da na shiga, a 2016, tana tsakar gida tana feraye dankali a cikin roba. Na durƙusa na ce, “Mama, ni na aike shi.” Wuƙar ba ta tsaya ba. Ta gama wanda ke hannunta, ta jefa a ruwa, ta ce, “Na sani. Ya leƙo ɗakina kafin ya fita, ya ce Yaya ya aike ni, in dafa masa shayi.” Na kasa ɗaga kai. Ta ce, “Na ga rigarka a jikinsa. Na yi shiru ne don ina ganin in na yi magana zan rasa biyu. Ashe shirun ma ya kusa cinye ka.” Shekara takwas muna gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma akwai abin da in ka ajiye a ciki sai ya ruɓe da kai.

Kada ku ɗauka washegari na tashi sabo. Barin kodin ya ba ni wuya, jiki yana rawa, gumi cikin sanyin Disamba, na koma sau biyu. Baba ne ya raka ni asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa, ina ta jan ƙafa don kada a ce na haukace. Likitan ya ce zaburar nan da mafarkin da ke maimaita kansa ciwo ne sananne ga wanda ya ga tashin hankali, kuma ana jinyarsa. Wasu 'yan'uwa sun ce rashin bangaskiya ne. Ni dai na karanta 1 Sarakuna 19: Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, abin da mala'ika ya fara kawo masa abinci ne da ruwa, ya bar shi ya sake barci. Je ka ga likita, ka yi addu'arka a kan layin karɓar kati.

Akwai wanda na ƙaurace wa tun 2008: maigidana, Alhajin da ya koya mini riƙe zarto. Bayan rikicin gari ya rabu, unguwa ta zama ta waɗannan ko ta waɗancan, ni kuma na sa shi a layin maƙiya ba tare da ya yi mini komai ba. Da na je gaishe shi, ya sa yaro ya jawo akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin benci, guduma da zarto duk an shafa musu mai. A nan na ji cewa ɗan ƙanwarsa ma a ranar ya tafi. Ban taɓa tambaya ba. Gafarar da na yi shelarta a coci cikin minti biyu, a wannan shagon ta fara, kuma har yanzu ban gama ba. Wata ranar sai na sake ta daga farko.

Da ina jiran Allah ya nuna mini kirana a mafarki, ina hango kaina a kan bagade. Abin da ya zo shi ne wata uwa daga unguwar Gada Biyu riƙe da hannun ɗanta, idonsa ja, ta ce an ce mata ni na san irin wannan. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma yara sun koma wasu abubuwan, don abin da ke korar su bai tafi ba. Yanzu yara biyar ne a shagona. Biyu sun tsaya da ƙafarsu, ɗaya ya sace mini injin huda katako ya gudu, ya dawo bayan wata huɗu, na karɓe shi, injin kuwa ya tafi ke nan. Ba na tambayar su shaida. In na ga yaro ya kwana biyu yana buga ƙusa a karkace, sai in aiki sauran sayen gam, in jawo buhun dusa in zauna.

Nuwamba har yanzu tana mini nauyi. In sanyi ya fara sauka matata takan gane kafin ni, ta ce, “Baban yara, watan ya zo ko?” In ce ya zo. Ranar 28 ba na buɗe shago. Nakan je wurin Mama da sassafe, ta dafa shayi, mu sha.