Abin da silin ɗakin haihuwa ya koya min

A tsakiyar bazara, cikin watan Afrilu, aka kira ni wani asibiti saboda zafi ya addabi ɗakin haihuwa. Tun daga ƙofa na fara lissafin na'urar sanyaya ɗaki (esi) nawa za a ƙara. Wata dattijuwar ungozoma ta ce min, "Injiniya, taɓa silin ɗin nan tukuna." Na taka kujera na ɗora hannu, sai na ji kamar murfin tukunya a kan murhu.

Tsakanin silin da rana babu komai sai kwanon da ya yi baƙi da tsatsa. Irinsa da tsakar rana yana haura digiri 65, kuma duk zafin nan kan masu naƙuda yake sauka. Ko esi goma ka jera, da an ɗauke wuta ko dizal ya ƙare, ɗakin ya koma tanda. Sai muka fara daga sama. Muka yi wa kwanon farin fenti, muka shimfiɗa audugar gilashi mai kare zafi a bayan silin, muka huda mafita a ƙarƙashin rufin don iska mai zafi ta fice. Tagogin yamma kuwa rumfa muka yi musu, domin ranar la'asar a karkace take shigowa, bakin rufi ba ya tare ta.

Kuskuren da na kusa yi, wanda har yau nake tunawa, shi ne toshe tagogi don sanyi ya zauna. Asibiti ba ofis ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2009, ta nemi lita 60 ta sabuwar iska a daƙiƙa ga kowane majinyaci a babban ɗaki, 160 inda ake jinyar cuta irin tarin fuka.

Daga baya na yi nazarin asibitin zuciya na Salam da aka buɗe a Soba, kusa da Khartoum, a 2007. Bangonsa mai kauri ne, irin dabarar soron kakanninmu, kuma iska sai ta bi ta hanyoyin da ke zubar da yashi kafin ta kai ga marasa lafiya. Da ƙurar hunturunmu, wannan dabara muke bukata.

Da na koma bayan wata biyu, ungozomar ta ja ni zuwa ɗakin yara, ta nuna min silin ɗinsu.